Yadda Injiniya Ya Faɗaɗa Gidan Surukinsa

A layinmu akwai wani mutum da muke kira Injiniya. Ba makaranta ce ta ba shi sunan ba, shi ya raɗa wa kansa ranar da ya gyara wa wani fanka ta koma juyawa da baya. Mu kuma muka riƙe, don sunan ya fi zagi daɗin faɗa. Ni mai aski ne, shagona yana kallon gidan surukinsa, saboda haka abin da zan ba ku ba ji na yi ba. Har da hannuna a ciki, Allah ya yafe mini.

Surukin nasa, Baba Magini, ya yi shekara arba'in yana ɗora bulo a kan bulo, ba a taɓa cewa ga katangarsa da ta karkace ba. Gidan da yake ciki ma shi ya gina da hannunsa: falo ɗaya, ɗaki uku, kicin da banɗaki. A nan ya raini 'ya'ya bakwai. Da gwiwoyi suka ce sun gaji, babban ɗansa ya matsa masa ya koma wurinsa, gidan kuma a sa 'yan haya.

Baba bai taɓa ba Injiniya ajiyar ko ƙusa ba, kuma yana da dalili. Amma Auta, 'yarsa ta ƙarshe, ita ce matar Injiniya. Kwana uku ta yi tana zarya tana roƙo.

"Baba, sau ɗaya tak ka yarda da shi. Kowa a gidan nan ana sa mijinsa aiki, ni nawa sai dai a sa shi ɗaukar kujeru. Ya fara dillancin gidaje, ka ba shi makullin ya nemo maka ɗan haya. In ya ba ni kunya, ba zan sake buɗe baki ba."

Baba ya daɗe yana kallon makullin kafin ya miƙa. Abu ɗaya kawai ya ce wa Injiniya: "Ka faɗa wa mutane abin da ke cikin gidan. Kada ka rage, kada ka ƙara."

Washegari sai ga Injiniya a shagona, makullin na rataye a wuyansa, yana riƙe da wani abu mai kama da ƙaramar wayar hannu.

"Mai aski, ka san wannan?"

"Rimot ɗin talabijin ne?"

"Ka ji jahilci! Na'urar awo ce. Ka danna nan, ta harba ɗan jan haske, ya je ya daki bango, ta rubuta maka nisan a take. Zamanin jan tef da durƙuso ya wuce. Dillalan garin nan duk da ido suke awo, shi ya sa tallansu ba ya tafiya. Ni da lamba zan kashe su. Shagon nan naka mita nawa ne?"

"Kujera biyu da benci ɗaya."

Ya yi tsaki, ya jingina da bangon baya, ya saita abin a kan babban madubina, ya danna. Ta yi ƙara ƙit.

"Mita takwas! Kai, ashe a fada kake aski ba ka sani ba. Kada ka bari mai shagon ya ji."

Zan faɗi gaskiya, na ji daɗi. Shekara tara ina karo da gwiwar masu jira a shagon nan, yau ga ƙwararre ya ce mini mita takwas ne. Ranar har aski na yi masa kyauta, na kuma yarda in bi shi in riƙe masa littafi.

Muka shiga gidan Baba da tsakar rana. An kwashe kaya, gida ya yi wata guda a rufe, sai warin ƙura. Injiniya ya ce ƙwararre ba ya aiki a cikin zafi, in buɗe duk wata taga da duk wata ƙofa. Na buɗe su wangame-wangame. Wannan shi ne hannuna da na ce muku yana ciki.

Ya manna na'urar a bangon falo, ya karkata kai, ya rufe ido ɗaya, ya danna.

"Rubuta. Tsawo, mita goma sha huɗu."

"Ina jan hasken? Ban ga inda ya faɗa ba."

"Da rana ba a ganinsa. Ita tana gani. Rubuta."

Ya juya ya fuskanci ƙofar da ke shiga ciki, ya sake dannawa. "Faɗi, mita tara. Sha huɗu sau tara, ɗari da ashirin da shida. Murabba'in mita ɗari da ashirin da shida, falo kaɗai! Allahu akbar, tsohon nan ya zauna a kan dukiya bai sani ba."

Ni dai abin da na sani shi ne lambar kan injin aski, ba ruwana da mita. Amma na ce masa, "Injiniya, ai lokacin da Baba ke ciki, in an shimfiɗa tabarma biyu sai an ɗaga ƙafa ake wucewa."

"Kaya ne ke cinye wuri. Kai da na'ura wa ya fi sani? Ta taɓa yin ƙarya a shagonka?"

Na rubuta, don ban so a koma kan maganar shagona.

A ɗakin kwana abin ya fara rikicewa. Ya danna, ta ce shida. Ya sake, ta ce goma sha ɗaya. Ya sake, ta koma shida. Tagar ɗakin da ta falo duk suna kallon filin maƙwabciya, Maman 'Yan Biyu, babu katanga tsakani sai wayar kaji. Ina jin ta tana kai da kawo tana shanya zannuwa, amma kaina bai kawo komai ba.

"To wanne zan rubuta?"

"Zafi ne. Ba ka san gini yana miƙewa da zafi ba? Yana numfashi. Rubuta babbar. Mai haya ai da rana zai zo gani."

Banɗaki kuwa mita goma ta ba shi. Na ce wanda cikinsa ya ɓaci a gidan nan sai dai ya yi haƙuri a hanya. Ya ce ba da wasa ya zo ba.

Da yamma ya kwanta rub da ciki a kusurwar falo ya ɗauki hotuna, ya sa tallan a shafukan da ake neman gidaje. Ya rubuta lambobin da manyan baƙaƙe. A ƙasa ya ƙara da cewa: ginin Baba Magini ne, wanda awonsa bai taɓa ƙarya ba. Nan ne abin ya fi ba ni haushi daga baya. Da bai sa sunan tsohon ba, da sai a ce shirmen Injiniya ne kawai, an saba.

Auta ta zo shagona da kanta da wayar a hannu, shi yana biye da ita.

"Mai aski, kai ka rubuta masa wannan?"

"Abin da aka faɗa mini na rubuta."

Ta juya wurin mijin. "Maigida, a falon nan na yi rarrafe. In da mita goma sha huɗu ne, da har yau ban iso ƙofa ba. Ka ari tef ɗin tela ka sake aunawa, don Allah."

"Tef ɗin tela? In auna gida da abin auna ƙugu? Ke dai ki zuba ido. Sati ɗaya, Baba zai kira ni da kansa ya ce in zauna kusa da shi."

Kira kam ya shigo, har wayarsa ta yi zafi. Na farko da ya zo gani wani ƙato ne mai son buɗe wurin motsa jiki. Injiniya ya buɗe masa ƙofa da fara'a. Mutumin ya shiga, ya waiga hagu, ya waiga dama.

"To, mu wuce falon."

"Ai kana cikinsa."

"A'a, ba zaure nake nufi ba. Falon da ke cikin talla."

"Shi ne wannan. Fentin ne mai duhu, yana matse ido."

Mutumin ya jingina bayansa da bango ya fara takawa yana ƙirgawa da ƙarfi. Yana cewa shida, hancinsa ya taɓa ɗaya bangon.

"Ƙafarka ce doguwa," in ji Injiniya. "Ku masu motsa jiki haka kuke."

"Hannuna ma dogo ne. Ka gode wa Allah yau ina cikin nishaɗi."

Na biyu mai sayar da taya ne, yana neman wurin ajiya. Shi ko shiga bai yi ba. Ya leƙa ta ƙofa, ya tambaya ko akwai wani gidan a bayan wannan, ya hau babur ɗinsa. Kafin kwana uku labari ya zaga layi. Mai gyaran takalmi ya ce zai roƙi Injiniya ya zo ya auna masa ɗakinsa ko ya samu wurin sa gado. Mai shayi ya ce shi tukunyarsa yake so a auna. Injiniya yana wucewa yana kaɗa makulli yana cewa hassada ga mai rabo taki ce.

Ya kuwa yi zaton rabon ya zo. Wata Malama mai makarantar renon ƙananan yara ta kira daga wani gari. Za ta dawo nan da zama, tana neman gida mai babban falo da zai ɗauki yara talatin su yi wasa su yi barci. A shagona ya amsa kiran, ya sa a lasifika don kowa ya ji.

"Malam, ba zan samu zuwa gani ba sai ranar tarewa. Ka tabbata sha huɗu da tara ne? Kafet zan sa a yanka, kuma in an yanka ba a mayarwa."

"Malama, da na'ura na auna. In ma akwai kuskure, to ragewa na yi."

"Na san ginin Baba Magini, shi ya gina wa yayata gida. Sunansa na gani na kira."

"To kin gani. Yanka kawai."

Da ya ajiye wayar na ce masa, "Injiniya, mutum biyu sun ce falon nan bai kai ba. Mu koma mu rufe tagogi mu sake gwadawa mana, ko iska ce ke kaɗa hasken."

"Iska ta kaɗa haske! Mai aski, ka tsaya a kan gashi."

Ranar tarewa ya sa sabuwar riga, ya aika a ɗauko Baba a mota don ya ga yadda ake aiki a zamanance. Ya bi layi gida-gida yana gayyata. Ba sai an roƙi mutane ba, kowa ya rufe sana'arsa ya fito. Ni ma na bar wani da rabin kai a kan kujera, shi ma ya biyo ni da mayafin aski a wuya.

Aka ajiye wa Baba kujera a bakin ƙofa, Auta na tsaye a bayansa. Sai ga babbar mota ta shigo layi, ta tsaya. Malama ta sauko daga gaba, mace mai fara'a, ta durƙusa ta gaishe da Baba. A bayan motar ƙananan kujeru talatin ne masu launi-launi, da naɗin kafet uku manya, kowanne sai ƙarti huɗu sun ɗauka. Mai kafet ɗin ma ya biyo don ya shimfiɗa da kansa.

Baba ya dubi kafet, ya dubi gidansa. "Wannan duk ina za a kai?"

"Falo, Baba," in ji Injiniya. "Ka zauna ka sha kallo."

'Yan dako suka shiga da naɗin farko da ƙyar, suka ajiye a gindin bango, suka fara turawa. Ya yi juyi kaɗan ya daki ɗaya bangon, dum. Naɗin ko ramewa bai yi ba.

Mai kafet ya leƙo. "Mun gama da nan. Ina falon?"

"Ku ƙara turawa," in ji Injiniya.

"Mu tura ina? Bango ne."

"To kun yanka da yawa. Malama, sun cuce ki, sun sayar miki da abin da ya fi ƙima."

Nan mai kafet ya harzuƙa. "Ni? Shekara ashirin ina yanka, ba a taɓa dawo mini da ko taƙi ɗaya ba. Ku sauko da na biyu!"

Suka sauko da naɗi na biyu suka warware shi a tsakiyar titi. Ya tashi daga ƙofar Baba, ya wuce shagona, ya wuce mai gyaran takalmi, bai tsaya ba sai a gaban teburin mai shayi. Mai kafet ya ja tef ɗinsa a kai a gaban kowa.

"Mita goma sha huɗu ke nan. Ga ta a kwance. Wanda ya ce wannan za ta shiga ɗakin can, ya fito ya sa ta."

Wani mai babur ya tsaya ya tambaya ko wani babba ne zai zo. Mai shayi ya ce tunda abin ya iso ƙofarsa, shi ma yanzu a falon Baba yake sana'a.

Fara'ar Malama ta tafi. Ta shiga falon ta fito. "Malam, sai da na tambaye ka. Na saki wancan gidan. Na gaya wa iyaye talatin ranar buɗewa. A ina zan sa yaran? A kan juna?"

Mai hankali da nan sai ya durƙusa ya ba da haƙuri. Amma ƙaramin sani ƙuƙumi ne. Injiniya ya zaro na'urarsa ya ɗaga sama.

"Jama'a, kowa ya shigo ya gani da idonsa! Tef yana miƙewa, yana tsufa. Wannan ba ta san son kai ba."

Muka cika falon, waɗanda ba su samu wuri ba suka tsaya a ƙofa. Ba mu fi mu goma sha biyu ba amma har ana taka ƙafar juna. Injiniya ya sa aka ba shi hanya, ya manna na'urar a inda ya manna ta ranar farko, ya danna, ya miƙa wa Malama ba tare da ya duba ba.

"Karanta musu."

"Biyar da ɗigo uku."

Ya fizge ya duba. Ya girgiza ta, ya hura mata iska, ya sake dannawa. Biyar da ɗigo uku. Sai mai kafet ya nuna taga yana ƙyalƙyala dariya. Maman 'Yan Biyu ce ta zo kallo ta bayan gida, ta cusa fuskarta a tagar, ga ɗan jan ɗigo zaune daram a tsakiyar goshinta. Ranar akwai hadari, hasken ya fito sarai.

"Me kuke kallo a fuskata?"

"Mama, don Allah ja da baya kaɗan," in ji mai kafet. Ya karɓe na'urar daga hannun Injiniya ya danna. "Bakwai! Ƙara ja. Tara! Jama'a, falo yana girma! Mama, kauce gaba ɗaya."

Ta kauce. Ɗigon ya tsallake wayar kaji, ya ratsa filin shanya, ya je ya sauka a bangon kicin ɗinta.

"Goma sha huɗu cif."

Maman 'Yan Biyu ta dafe ƙirji. "Wato har da filina ka ba da haya? Da igiyar shanyata? Yara talatin za su kwana a kicin ɗina ban sani ba? To ni nawa ne kasona?"

"Kuskuren taga ne," in ji Injiniya, gumi na bin wuyansa. "Mai aski ne ya buɗe ta."

"Kai ka ce ƙwararre ba ya aiki a cikin zafi!" na ce. A lokacin ne kuma na tuna madubina, ashe shi ya dawo da hasken baya ya ninka awon, na ji shagona ya koma kujera biyu da benci ɗaya.

Dariya ta kai har titi. Wani ya ce ashe gidan ɗan mitsitsi ne. Wani ya ce akurki aka sa wa kafet. Na ga Baba ya ji wannan kalmar. Ya dafa sandarsa ya miƙe, Auta ta kai hannu za ta riƙe shi, ya ƙi. Ya tako a hankali har tsakiyar falon.

"Biyar ne da huɗu," ya ce. "Ni na ja igiyar, ni na haƙa tushen. Da ka tambaye ni, da na gaya maka ba tare da na tashi daga kujera ba. A nan na raini 'ya'ya bakwai, a nan na karɓi baƙi, a nan ka durƙusa ka nemi 'yata. Shekara talatin ba wanda ya taɓa shiga ɗakin nan ya ce masa ƙarami. Yau ka ƙara masa mita tara, ka mayar mini da shi akurki a bakin mutane. Kuma da sunana ka sa hannu."

Wallahi daga nan ban ƙara dariya ba. Auta ta sunkuyar da kai, hawaye na ɗiga a kan kafet ɗin mutane.

Baba ya juya wurin Malama. "'Yata, ki yafe mini, sunana ne ya jawo ki. Bangon da ke tsakanin falo da ɗakin farko ba ya ɗauke da rufi, ni na san yadda na gina shi. Gobe zan sa yaran da na koya wa aiki su cire shi. Ba zai kai abin da aka faɗa miki ba, amma zai ɗauki yaranki in kin raba su safe da rana. In bai yi miki ba, ki zauna a ciki har ki samu wani. Asarar kafet kuma tawa ce."

Malama ta share ido ta ce za ta gwada.

Sannan Baba ya miƙa wa Injiniya tafin hannu. Injiniya ya fara, "Baba, ai in aka duba ta wani ɓangaren..." Hannun bai motsa ba. Ya cire makullin daga wuyansa ya ajiye a kai.

Mai kafet ya gyara murya. "Baba, to ragowar fa? Abin da zai shiga gidan nan bai kai naɗi ɗaya ba. Biyu da wani abu za su rage, kuma ni ba na karɓar yankakke."

Baba ya dubi doguwar shimfiɗar da ke kwance a titi, ya dubi surukinsa.

"Ku naɗe ku ɗora wa mijin 'yata. Ya je ya shimfiɗa a ɗakunan da ya ƙara mini."

'Yan dako ba su jira an maimaita ba. Suka naɗe na titi suka aza masa a kafaɗa, gwiwoyinsa suka lanƙwashe. Haka ya bi layi yana tangaɗi, gaban naɗin na neman ƙasa, bayan na share ƙura. Auta tana tafe a gabansa da nisa. Sau biyu ya kira ta ta kama masa gefe ɗaya, ko waiwayowa ba ta yi ba.